Fuskar Smbat a Kan Dutse

Shekara talatin da ɗaya na yi ina aikin nas a ɗakin shan magani na ƙauyenmu, can saman Sisian, kuma babu gidan da ban san ciwonsa ba. Na san mai hawan jini, na san mai ɓoye kwalba a bayan buhun dankali, na san matar da kullum ke cewa a kan matakala ta faɗi. Duk bayan shekara biyu, idan ƙanƙara ta narke hanya ta buɗe, motar ido takan zo ta tsaya a harabar asibitin Sisian. Doguwar tirela ce fara mai ɗakin tiyata a cikinta. Likitocin rabinsu daga Yerevan, rabinsu kuma 'yan sa kai ne daga cikin mutanenmu na ƙetare, masu barin asibitocinsu a Amurka ko Faransa su zo su yi mana sati biyu ba a ba su ko dram ɗaya na kuɗinmu. Nawa aikin shi ne in bi gida-gida in rubuta sunayen waɗanda ya kamata a duba, in kuma tabbatar sun shiga bas ranar da aka sa mana.

Ina ji da wannan takarda tawa. Sau biyu shugabar ayarin tana ɗaga ta a gaban sauran nas-nas na ƙauyuka tana cewa su yi koyi da Nvard. Mutum ɗaya ce ta gagare ni, ita ce Aghavni, yayar mijina.

Mijina Vachagan, da kowa ke kira Vachik, masassaƙin dutsen kabari ne. Rumfar aikinsa na bayan gidanmu. Mutum zai kawo masa hoton mamaci ɗan ƙarami, shi kuma ya zauna gaban baƙin dutse da tsinin ƙarfe da 'yar guduma, ya yi ta sara ɗigo-ɗigo har fuskar ta fito. Daga Goris ma ana zuwa nemansa. Mutum ne mara yawan magana, mai taurin kai irin na gidansu. Aghavni ta girme shi da shekara takwas, ita ta goya shi, kuma har ya yi furfura ba ta daina yi masa faɗa a gaban mutane ba. Ni kuwa fiye da shekara talatin da biyar da aurena amma har yanzu Amarya take kira na.

Yanar ido ce ta rufe idanun Aghavni duka biyun, a hankali, har ya zama ba ta bambance komai sai rana da inuwa. Tun farko na rubuta sunanta, ta ce ba wanda zai sa mata wuƙa a ido. Na sake rubutawa bayan shekara biyu, ta kulle ƙofa ranar tafiyar. Sai yaƙi ya zo a kakar 2020, aka kira ɗanta Smbat, ɗaya tilo, direban tarakta mai shekara ashirin da tara. Kwana goma sha tara ya yi a can. A rufaffen akwati aka dawo mana da shi.

Vachik ne ya ce shi zai yi dutsen. Babu wanda ya yi tunanin wani dabam, ai shi ya koya wa yaron tuƙi, shi ya yi masa askin fari. Aikin da yakan gama a sati uku ya ɗauke shi wata biyar. Ba ya barin kowa ya shiga rumfar, ko ni da nake kai masa kofi sai in ajiye a bakin ƙofa.

Ranar cika shekara aka kafa dutsen. Limamin coci ya yi addu'a, aka zuba turare a wuta, aka yaye farin ƙyallen. Sai wurin ya yi tsit. Fuskar da ke kan dutsen ta wani mutum ce dabam. Idanun sun yi nesa da juna, bakin ya karkace gefe, haɓar ta yi tsawo kamar ta tsoho. In ka dubi ido ɗaya shi kaɗai, na Smbat ne. In ka dubi kunne, nasa ne. Amma a haɗe ba shi ba ne.

Aghavni ta miƙa hannu ta shafa dutsen tun daga goshi har wuya. Ta ce, "Ya yi kama da shi?"

Wata maƙwabciyarmu ta ce, tana haɗawa da "jan", kalmarmu ta ƙauna, "Kamar zai yi magana, Aghavni jan."

Kowa ya ce haka ne. Ni ma na ce haka ne. Vachik yana tsaye a baya, hularsa a hannu, yana kallon ƙasa. A wurin cin abinci mata suka yi ta raɗa cewa baƙin ciki ne ya karkaɗa masa hannu, wa zai iya sassaƙa ɗan 'yar'uwarsa hannunsa bai yi rawa ba. Na karɓi wannan magana na riƙe, don ta yi mini daɗi.

Daga nan duk Asabar Vachik yakan je ya ɗauko yayarsa, ta riƙe masa gwiwar hannu, su hau tudun maƙabarta a hankali. Sai ta zauna ta ba dutsen labarin mako, wa ya haihu, saniyar wa ta ɓata. Ayyukansa kuma suka ragu. Ya ce injinan da ke buga hoto a kan dutse a birni ne suka kashe kasuwa. Ya daina tuƙa tsohuwar motarmu Niva, ya ce giyarta ta lalace. Ya fasa mini kofuna huɗu a wata guda, ya buge kafaɗa da ƙofar kicin har ta yi baƙi. Na ce masa ya rage shan abin da yake sha a rumfa. Bai musa ba. Yanzu na san ko ɗigo bai sha ba a lokacin, ya bar ni da zargina ne don ya fi masa sauƙi.

Shekara biyu da rabi bayan yaƙin aka aiko cewa motar ido za ta zo a watan Mayu. Na ɗauki takardata na tsallaka gidan Aghavni da miyar da na dafa mata. Tana zaune bakin taga, wurin da take jin ɗumin rana.

"Yaya, motar ido na zuwa."

"Ta zo lafiya ta koma lafiya."

"Minti ashirin ne aikin. Ko zafi ba za ki ji ba. Tsohon nan Hmayak da aka yi wa bara waccan, yanzu har zare yake sa wa matarsa a allura."

"To ya yi ta sawa. Amarya, me zan gani? Bangon nan na san shi. Ke ma na san ki, bakinki ya ishe ni, ba sai na ga fuskar ba."

Na juye mata miyar, na yanka burodin lavash na sa mata a hannu. Ina ta tunanin abin da zai karya ta. Na samu, na kuma faɗa ba tare da na tsaya na auna ba.

"Duk ƙauyen nan kowa ya ga Smbat a kan dutsensa. Ke kaɗai ce uwarsa, ke kaɗai ce ba ki gani ba."

Ta ajiye cokalin.  Can ta ce, "Rubuta."

Na san fuskar ba ta yi kama ba, ba zan ce na manta ba. Amma na ce a raina shekara bakwai ba ta ga ɗan ba, kuma uwa za ta ga abin da take son gani. Abin da ke gabana shi ne sunan ya hau takarda.

Da na gaya wa Vachik da yamma, yana cin abinci, sai ya ture kwanon.

"Ki ƙyale ta mana. Wa ya aike ki?"

"Yayarka ce za ta ga gari, kai kuma kana cewa wa ya aike ni?"

"Ta saba da yadda take. Tsohuwa ce. In abin ya ɓaci fa?"

"Shekara nawa ina kai mutane, na wa ya ɓaci?"

Ya tashi ya fita rumfa. Na bi bayansa da harara, na ce gidan nan kowa da irin taurin kansa.

Ranar Talata muka shiga bas mu goma sha huɗu. Vachik ya ce yana da aiki. Likitar da ta karɓe mu sunanta Sirvart, gajeruwar mace mai farin gashi yankakke, ta kusa saba'in. A Beirut aka haife ta, a Fresno take aiki, wannan kuma zuwanta na tara. Harshenmu a bakinta irin na mutanen ƙetare ne, kalmominta tsofaffi kamar na littafin coci. Ta taɓa gaya mini cewa kakarta a gidan marayu na Aleppo ta makance tana 'yar shekara tara, da ciwon idon da man shafawa kaɗai ke warkarwa, kuma ita Sirvart ce ke yi mata jagora zuwa kasuwa tun tana ƙarama.

Ta haska idon Aghavni ta ce, "Uwa, wannan yanar ta nuna har ta gaji da jira. Ina kika shiga duk shekarun nan?"

Aghavni ta juyo wajena. "Amarya, me take cewa? Wannan da wane yare take magana?"

"Yarenmu ne, Yaya."

"Yarenmu na wace shekara?"

Likita Sirvart ta yi dariya har ta cire tabarau. "Na kakarki ne, uwa. Kwanta, ki zage ni bayan kin ga fuskata."

Aka yi idon dama. Muka kwana a gidan wata 'yar ajinmu a Sisian. Da safe likitar ta ɓare auduga da hannunta, ta goge idon, ta ce ta buɗe a hankali. Aghavni ta yi ta ƙifce-ƙifce. Ta dubi hannuwanta, ta juya su gaba da baya. Sannan ta ɗago ta dube ni, ta daɗe.

"Amarya, kin tsufa."

"Ke ma ki jira a ba ki madubi."

Duk ɗakin aka yi dariya, har da masu auduga a ido suna jiran layi. Aghavni ta kamo kan Likita Sirvart ta sumbaci goshinta, ta ce, "Bari in ɗauke miki ciwonki, likita jan. Ashe ke ma tsohuwa ce." Aka ba ta baƙin tabarau da maganin ɗigawa, aka ce ta guji ƙura da sunkuyo.

A cikin bas fuskarta na manne da gilashi. Tana kiran sunan kowane dutse da kowace gona, tana faɗan wanda ya bar katangarsa ta rushe. Da muka iso mararrabar ƙauye ta ce wa direba ya tsaya.

"Yaya, mu je gida ki huta tukuna. Likita ta ce..."

"Likita ta ce kar in sunkuya. Ba zan sunkuya ba. Kira mini Vachik ya same mu can."

Na kira shi a waya. Ya ce yana zuwa.

Ta hau tudun ba ta riƙe kowa ba. Ta cire tabaraun a bakin ƙofar maƙabarta. Tana tafiya tana gaida duwatsu, yawancinsu aikin ƙanenta ne na shekarun baya. "Ga Paruyr mai gidan burodi, ji yadda yake hararata. Ga malama Yeranuhi da ɗan tabonta." Ƙafafunta sun san hanya, suka kai ta inda tutar kabarin soja ke kaɗawa. Ta tsaya. Ta dubi dutsen, ta dubi na kusa da shi, ta dawo ta karanta sunan da yatsa, harafi bayan harafi.

"Amarya, wane ne wannan?"

Ta sake aza yatsa a kan rubutun.

"Sunan ɗana ne a ƙasa. Wane ne wannan a sama?"

A lokacin Vachik ya iso, yana haki. Ya tsaya nesa kaɗan. Ta juya ta dube shi, karo na farko cikin shekara bakwai, amma ba ta ce ya tsufa ba, ba ta ce komai a kan fuskarsa ba.

"Shekara ɗaya da rabi kana kawo ni nan ina hira da baƙo."

"Yaya..."

"Paruyr ka yi masa daidai. Yeranuhi har tabonta ka sa. Mutanen Goris da ba ka taɓa gani ba ka yi musu daidai. Sai ɗana, da ya girma a kan cinyarka." Ba ta ɗaga murya ba. "Don ni makauniya ce ka ce kowane iri ma ya isa? Ku kuma duk kuka tsaya kuka ce mini kamar zai yi magana."

Vachik bai kare kansa ba. Ya juya zai tafi. Akwai ɗan shingen ƙarfe da ya kewaye kabarin da ke gefensa, bai kai gwiwa ba, fentinsa shuɗi, da rana tsaka. Ya tafi kai tsaye ya ci karo da shi, ya kife a kan tsakuwa. Na ruga. Ya tashi zaune, goshinsa na jini, yana cewa ba komai. Hularsa ta faɗi dab da cinyarsa ta hagu. Na ga yana juya kai gaba ɗaya yana nemanta, dama, hagu, sama da ƙasa, sannan ya fara lalube da tafin hannu.

Na durƙusa a gabansa. Na ce ya kalli hancina. Na ɗaga hannuna a gefen kunnensa na kaɗa yatsu, gwajin da na yi wa ɗaruruwan mutane a ɗakin shan magani. Na matso da hannun a hankali. Na matso. Sai da yatsuna suka kusa taɓa hancina sannan ƙwayar idonsa ta motsa.

"Tun yaushe?" na ce.

"Ba ni hulata, Nvard."

Aghavni ba ta ga wannan ba. Ta juya mana baya, tana tsaye gaban dutsen, ta rufe sabon idon da tafin hannunta.

Kwana biyu ya rage motar ta tashi. Washegari na sa maƙwabcinmu ya kai mu Sisian, Vachik bai yi gardama ba, ya zauna a baya kamar kaya. Sunansa ba ya cikin takarda, sai na tsaya a bakin matakalar tirela har Likita Sirvart ta fito shan iska. Ta dube ni ta ce in shigo da shi.

Ta auna nauyin idon, ta sake aunawa. Ta sa shi gaban na'urar da mutum ke danna maɓalli in ya ga ɗigon haske. Ina tsaye a bayansa ina jin shirun, maɓallin ba ya ƙara sai jifa-jifa. Ta daɗe tana leƙa cikin idon. Wasan da ta yi da Aghavni duk babu shi. Ta kira shi Usta, yadda ake kiran gwanin sana'a.

"Usta Vachagan, hawan jinin ido ne. Yana cin jijiyar gani daga gefe, ba zafi, ba ja, shi ya sa mutane ba sa zuwa. Idon hagu ya riga ya tafi. Na dama saura ɗan tsakiya, kamar mai leƙe ta cikin bututu."

"Na sani," in ji shi.

"Za a kankare kamar na yayarsa?" Ni na yi tambayar, ni da na san amsar tun ina makarantar nas.

"A'a, Nvard jan. Yanar ido datti ce a kan taga, ana cirewa. Wannan jijiyar ce ta mutu. Abin da ya rage za mu yi ƙoƙarin riƙewa."

Vachik ya fita ya zauna a benci. Ni na tsaya. Na ce ta gaya mini gaskiya, da ya zo da wuri fa? Ta ce wannan tambayar ba ta da amfani yanzu. Na ce ni dai ta gaya mini. Ta cire safar hannunta ta jefa a kwando.

"Da an kama shi shekara shida ko bakwai da suka wuce, ɗigo ɗaya da safe ɗigo ɗaya da yamma. Wataƙila da ya mutu da idonsa."

Sau uku motar ta zo a cikin waɗannan shekaru. Sau uku ina bin gida-gida, har gidan da ke can bayan rafi wanda kare ya taɓa cizona. Na fara kuka a tsaye, a cikin tirelar, mutane na jiran layi a waje. Ta riƙe mini kafaɗa. Ta ce mijinta likitan zuciya ne, kuma ciwon zuciya ne ya kashe shi a kicin ɗinsu, wata shida yana shan maganin ƙwannafi tana miƙa masa ruwa. Ba ta ƙara komai a kai ba. Ta rubuta magunguna, ta kira wani abokin aikinta a Yerevan ta sa ya ba mu ranar tiyata.

Na samu Vachik a benci yana juya hularsa. Na zauna a gefensa, sai na tuna ba ya ganina a nan, na tashi na koma gabansa na tsuguna.

"Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

"Da farko na ɗauka tsufa ne. Daga baya na ji tsoro. Masassaƙin da aka ce ba ya gani, wa zai sake kawo masa hoto?"

"Ni matarka ce. Nas ce ni, Vachik."

"Shi ya sa. Da kin sa ni a takarda, da duk ƙauye ya ji kafin yamma." Ya yi ɗan murmushi, ya daina. "Lokacin na Smbat idonsa ɗaya nake gani a kan dutsen a lokaci guda. In ina kan hanci, bakin ya ɓace. Da ma'auni na yi, da yatsa. Na ɗauka ya fito. Sai da aka yaye ƙyallen na ji yadda kuka yi shiru."

"Da ka sa an sake."

"In ce me? In ce wa?" Ya shafa plastar da ke goshinsa. "Na ce a raina, ai ba za ta taɓa gani ba. Kin ji abin da na ce game da 'yar'uwata. Kullum Asabar ina jan ta ina gode wa Allah da ba ta gani."

Da muka dawo na tsallaka gidan Aghavni. Kwana biyu ba ta buɗe wa kowa ba, amma ta buɗe mini don lokacin ɗiga maganinta ya yi. Na ɗiga, sannan na gaya mata duka. Ta zauna hannuwanta a kan gwiwa.

"Hanyar nan mai gangare, wadda ke bakin rami," ta ce. "Duk Asabar. Ba ya gani?"

"Kaɗan yake gani."

Ta tashi ta ɗauki mayafinta. Na bi ta. Yana zaune a bakin rumfa. Ta tsaya a gabansa ta ɗaga hannu ta ɗaka masa duka a kafaɗa, irin wanda take masa yana yaro, ta sake, sannan ta jawo kansa ta manna a cikinta. "Jakin banza," take cewa. "Jakin banza. Bari in ɗauke maka ciwon, ƙanena." Shi kuma yana ta cewa ta yafe masa, muryarsa a cikin rigarta. Na koma kicin na bar su.

Amma ba ta sake hawa tudun ba. Ta yafe masa, sai dai ta ce ba za ta iya tsayawa gaban fuskar ba. Da aka aiko a yi mata ido na biyu a kaka, ta ce abin da ta gani da ɗaya ya ishe ta. Ban matsa mata ba.

Vachik ne da kansa ya ce a sake dutsen. Ya ba da hoton aka kai Goris, wurin masu inji. Cikin kwana huɗu aka kawo, Smbat ne sak, har da ɗan gashin da ke tsaye a ƙeyarsa. Aghavni ta tsaya gabansa ta yi kukan da ba ta samu yi ba shekara uku. Vachik ya matsa ya ɗora tafin hannu a kan fuskar. Aikin inji sumul yake kamar gilashi, yatsa ba ya jin komai. Ya shafa sau biyu ya sauke hannun, ya ce aiki ya yi kyau. Tsohon dutsen aka kawo bayan rumfa. Wata safiya na ji ƙarar babbar guduma, ban fita ba. Har azahar yana farfasa shi.

An yi tiyatar a Yerevan, nauyin idon ya sauka. Likita Sirvart takan kira ni daga Fresno duk wata ta tambayi lambobin. Ta ce in an yi sa'a bututun zai daɗe. Shekara ɗaya da wata bakwai ya yi, yana ƙara tsukewa.

A bazarar ƙarshe ya gano wani abu. Abin da ke kusa ba ya shiga cikin ɗan ganin da ya rage masa sai gutsure-gutsure, amma na nesa yana shiga gaba ɗaya. Ina shanya wanki wata rana ya kira ni daga bakin ƙofa.

"Nvard, je ki tsaya wajen bishiyar tuffa."

"In yi me? Hannuna da kumfa."

"Ke dai je ki."

Na je na tsaya. Ya ce in ƙara matsawa baya. Na matsa har bayana ya taɓa katangar lambu. Ya ɗaga kai yana nema, ya same ni, ya tsaya cak.

"Yauwa. Ga ki nan duka, har takalmi."

Na tsaya a wurin, kumfa na bushewa a hannuna, ban san yadda zan yi da fuskata ba. Ya ce rigar ba ta dace da siket ɗin ba. Na ce shekara talatin da bakwai bai taɓa lura da abin da na sa ba sai yau.

Kusan kullum bayan haka, in rana ta yi kyau, sai ya tura ni katanga. Wani lokaci Aghavni ta zo ta tsaya kusa da ni tana mita cewa ƙafarta na ciwo. Da aka fara haƙar dankali sai ya zama yana daɗewa kafin ya same ni, sai na ɗaga hannu ina kaɗawa. Wata Laraba na je na tsaya da kaina ba tare da ya ce ba. Ya daɗe yana juya kai, bai same ni ba. Sannan ya ce in shigo, akwai sanyi, in ɗora mana kofi.